Farantin da Inna Ƙari Ta Kife

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin takalman nan na bakin titin jirgi ya san Inna Ƙari, kuma in ka ambace ta sai ka ga ya yi murmushi ya shafa cikinsa. Ita ta riƙe ɗakin abincin ma'aikata tun tana da goyo har furfura ta cika mata kai. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa, ludayinta ne ya raɗa mata wannan. Da jiniyar tsakar rana ta yi kuka ma'aikata za su fito da warin gam da fata a jikinsu su yi layi, ita kuma tana tsaye bayan tukwane, hannu ɗaya a ƙugu. Ba fuskarka take kallo ba, farantinka take kallo. Da ta hango gindin faranti ya fara leƙowa sai muryarta ta ratsa hayaniyar ɗakin: "A ƙara masa." Ka ce ka ƙoshi, ta ce ƙarya kake yi, ga wuyanka nan kamar mariƙin lema. Kafin ka gama rantsuwa ludayi ya riga ya sauka.

Ba a banza take haka ba. A gida mai yawan yara ta tashi, ita ce ta kusa da auta, kuma sau da yawa tukunya takan ƙare kafin a zo kanta. Ta san ƙarar cokali in yana kankarar gindin faranti, ta san yadda yaro ke lashe yatsa yana satar kallon na yayansa. Tun ranar da aka damƙa mata ludayi ta ɗauki alkawari tsakaninta da zuciyarta cewa ba mai sake jin wannan ƙarar a gabanta. Ta kuwa cika alkawari, har ya wuce wuri.

Mutum ɗaya ne ya taɓa cin galaba a kanta, shi ne mijinta, direban motar da ke kwaso ma'aikata. Siririn mutum ne, mai sanyin magana da tsokana a ciki. Shi ba ya musu da ita. In ya ci iya cinsa, sai ya suɗe farantin tas, ya kife shi a kan tebur, ya ɗora tafin hannu a kai ya ce, "Na rufe shago." Ta zo da ludayi a cike ta tsaya a kansa tana huci, shi kuwa yana sakace haƙori yana kallon rufi. Ina za ta zuba? Sai ta juya tana mita, ma'aikata suna dariya ƙasa-ƙasa. Wasu samari sun gwada kwaikwayonsa, ta ce duk wanda ya sake kife mata faranti gobe ya zo da abincinsa daga gida. Wannan gata na Direba ne shi kaɗai.

Shi ne kuma ya shuka lemun tsamin. Wata rana tana matse lemo a kicin, ya tsinci 'ya'yan da ta zubar, ya samo tsohon bokitin fenti ya cika shi da ƙasa. Kafin ya zuba ƙasar sai da ya ɗauki ƙusa da guduma ya huhhuda gindin bokitin.

Ta ce, "Ka lalata bokiti mai kyau. Duk ruwan da aka zuba ai tsiyayewa zai yi."

Ya ce, "To ai shi ake so. Ya sha abin da zai sha, saura ya wuce abinsa. Ke ce dai ba ki san an ƙoshi ba."

Ta yi tsaki ta koma kan tukunyarta. Amma ita ce ta riƙa ba shi ruwa, safe da yamma, a bayan kicin inda rana ke duka. Tana kwarara masa ba awo, ruwan ya bi ta hujin Direba ya gangara kwata, ba wanda ya cutu. Bishiya ta tashi, ta fi ƙarfin bokiti, aka mai da ita cikin rabin durom, shi ma Direba ya huda masa gindi. Ba ta cika 'ya'ya ba, amma kowace shekara takan ba da abin da za a saka a aljihu a nuna wa mutane.

Da Allah Ya karɓi ran Direba, Inna ta ci gaba da aiki har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Ɗanta, mai gyaran firji, ya ce ta dawo wurinsa. Ya yi zaton akwatuna za a loda, sai ya tarar ta raba kusan komai ga maƙwabta. Abu biyu ta ce ba ta bari: ƙunshin farantanta na silba da suka lotse saboda aiki, da lemun Direba. Gidan kuwa a saman bene yake. Ƙartin da suka hau da rabin durom ɗin nan sun yi ta nishi suna tambayar ko duwatsu aka shuka a ciki. Da suka sauke shi a baranda ba ta bar su sun tafi ba sai da suka ci abinci, aka ƙara musu, aka sake ƙara musu.

Zama ya yi daɗi. Matar ɗanta malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata, mace mai haƙuri da son tsabta. Akwai jika guda, yarinya mai surutu. Inna da ba ta iya zama hannu sake sai ta koma kan shuke-shuke. Duk inda ta ga ganye mai kyau sai ta roƙi reshe, ta dasa a gwangwanin madara ko tsohuwar tukunya. Kafin a ankara taga ta cika, saman firji ya cika, har teburin katako da Malama ke duba aikin ɗalibai ya sami baƙi. Amma duk waɗannan 'yan rakiya ne. Babbansu shi ne lemun baranda, wanda take gaisarwa kowace safiya kafin ta gaida kowa.

To, a ƙasan barandar nan akwai mai wanki da guga. Ɗaki ɗaya ya kama da iyalinsa, da 'yar rumfa inda yake ajiye tebur da dutsen guga na gawayi. Igiyoyin shanyarsa a ƙarƙashin barandar suke, don nan ne kaɗai mota ba ta bi kuma yara ba su buga ƙwallo. Mutum ne mai kunya, ba ya haɗa ido da babba. Da farko ba a sami matsala ba, don Inna da sassafe take ban ruwa, kafin ya fito da shanya komai ya tsane. Sai ranar da aka kai ta ganin likitan ƙashi, ba ta dawo ba sai da rana ta take. Ko mayafi ba ta cire ba ta ɗauki bokiti, wai lemo bawan Allah ya yini da ƙishi. Ta kwarara masa kamar yadda ta saba. Ruwa ya ratsa ƙasa, ya kwaso tsatsar durom, ya bi bakin baranda ya sauka a kan fararen riguna.

Da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai guga ne, riƙe da farar riga, ja-ja-ja ya bi kafaɗarta har aljihu.

Ya rusuna ya ce, "Inna, barka da hutawa. Ba ƙara na kawo ba, nuna miki kawai zan yi."

Ta karɓi rigar ta kai ta kusa da ido. "Ɗan nan, ni na yi wannan?"

"Ruwan bishiya ne, Inna. Tsatsa ba ta fita da sabulu. Mai rigar ya zo ya gani, ya kwashe sauran kayansa ya tafi. Tun da na fara sana'a yake kawo mini."

Wallahi da mari ya kawo mata da ya fi mata sauƙi. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana cika cikin masu neman halali, yau ita ce ta kori abincin wani daga bakinsa. Kunya ta rufe ta, ta ba shi haƙuri har shi ma ya rasa inda zai sa kansa. Washegari wakilin mai gida ya ji labari, ya hau bene da tumbinsa ya yanke hukunci: in ɗigo ɗaya ya sake sauka, bishiya za ta koma tsakar gida. Tsakar gidan da motoci ke juyawa, yara na ƙwallo, awakin maƙwabta na shigowa duk lokacin da aka bar ƙofa a buɗe. Inna ta san ko mako lemun Direba ba zai yi a can ba.

Ɗanta ya ce abin mai sauƙi ne, akwai farantan roba da ake sayarwa don a tara a ƙarƙashin tukwanen fulawa, zai sayo.

Ta ce, "Ka sayo faranti? Ina raye? Jawo mini ƙunshin can na ƙarƙashin gado."

Aka kwance ƙunshi. Babban farantin da take tsince shinkafar ma'aikata a ciki, mai faɗi da zurfi, shi aka ɗaga durom aka zaunar a kai. Ƙananan kuma aka rarraba wa na cikin ɗaki, kowane gwangwani da nasa. Ɗigo ya tsaya cak. Mai guga ya ɗaga kai ya yi godiya, wakilin mai gida ya daina leƙe. Inna kuwa har wani daɗi ta ji, ga farantanta sun koma bakin aiki bayan an yi musu ritaya tare da ita.

Daga nan ne abin ya lalace, kuma ba wanda zai iya lalata shi ta wannan hanyar sai ita. In ta ba da ruwa, rarar takan taru a faranti. Kafin washegari rana ta sha wani, ƙasa ta tsotse wani, gindin faranti ya fara leƙowa. To fa. Inna ta fito da safe ta ga gindin farantinta a gaban wanda take ciyarwa. Ba ta ma yi shawara da kanta ba, hannunta ne ya tafi. Ta cika shi har baki. Da rana ta leƙo ta ga ya ɗan ragu, ta ƙara. Ta sama tana zubawa, ta ƙasa tana cikawa, tana jin daɗi wai bishiya na ci da kyau tun da aka ba ta faranti.

Ganye ya fara rawaya daga ƙasa. Ta ce yunwa ce, ta ƙara. Ganye ya fara lanƙwashewa yana saki. Ta ce zafin bana ya yi yawa, ta ƙara. Sauro ya cika gidan da a da ba a san shi ba saboda tsayin bene, jika ta tashi da ƙuraje a hannu da goshi. Wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suka riƙa tashi daga gwangwanaye suna faɗawa cikin shayi. Ranar da Malama ta ɗaga farantin da ke kan teburinta don ta goge, sai ta tarar damshi ya kwanta a ƙarƙashi, ya zana baƙin zobe a jikin katako, fentin wurin ya kumbura. Sai ta fara bin farantan cikin ɗaki tana zubar da ruwansu in Inna ta shiga wanka.

Asiri bai daɗe ba. Inna ta kama ta da faranti a hannu a bakin famfo.

"'Yata, me nake gani? Ki ɗauke wa mai ci abinci a gabansa?"

Malama ta sassauta murya. "Inna, ba so suke a bar su cikin ruwa ba. Saiwa ma numfashi take yi. In ta kwana a ruwa kullum, ruɓewa take. Kin ga na barandar ma, ina jin ruwan ne ya yi masa yawa. Ga shi kuma sauro a nan yake ƙyanƙyasa."

Inna ta gyara tsayuwa, hannu ya koma ƙugu kamar da. "Ni za a koya wa ciyarwa? Na ciyar da kamfani guda, ban taɓa jin wanda ya mutu don an ƙara masa ba. Bishiyar nan tun mijinki na makaranta nake ba ta ruwa, bokiti-bokiti, ba ta taɓa cewa uffan ba."

Gaskiya ta faɗa, sai dai ta manta cewa a wancan lokacin ruwan yana da hanyar wucewa. Malama ta mayar da farantin wurinsa. Na cikin ɗaki ta ci gaba da ceton su a ɓoye, amma na baranda ba ta isa ta taɓa ba. Bishiyar surukinta ce marigayi, kuma ko ɗan da ya haifa ba ya tsinkar ganyenta sai da izini.

Ganye ya yi ta zuba. Kowace safiya Inna ta share ta tara a tafin hannu ta tsaya tana kallo. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun jinyar Direba. Abin da ya rage mata na mutumin nan ke nan da ke da rai, kuma yana tafiya a gabanta tana gani. Duk abin da ta iya a duniya shi ne ƙari, shi kuma take ta yi.

Hancinta ne ya cece ta. Mai dafa abinci ba ta rasa gane warin abin da ya lalace. Wata safiyar Asabar ta durƙusa da kyar za ta cika faranti, sai wani tsami ya bugi hancinta, irin na miyar da ta kwana ba a ɗumama ba. Ta kai fuska kusa. Ruwan farantin ya yi kauri, ya yi kore a gefe, ga wasu 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki. Wani farin gishiri-gishiri ya daskare a gindin durom. Ta tura yatsa cikin ƙasa, yatsa ya nutse cikin taɓo mai sanyi. Ta ciro ta shinshina. Ta ajiye butar a hankali.

Sannan ta kira Malama. Ba ta yi kwana-kwana ba, don Inna ba ta iya rabin magana ba.

"'Yata, ke ce da gaskiya. Ni na kashe shi. Da hannuna na shaƙe shi, ina cewa ciyar da shi nake."

Hawaye ya zubo mata. Malama ta durƙusa kusa da ita, ta kankare bawon reshe da farce, sai ga kore a ciki. Ta ce, "Bai mutu ba, Inna. Amma sai an fitar da shi daga ƙasar nan yau."

Ɗan ya riga ya fita aiki. Inna ta share fuska da bakin zane, ta leƙa ta baranda. "Ɗan nan, in ka sami sarari hau ka taimaki tsohuwa."

Mai guga ya ajiye dutse ya hau. Aka shimfiɗa tsofaffin buhuna, ya kwantar da durom, shi da Malama suka ja bishiya ta fito da ƙasarta. Wari ya gume barandar. Saiwoyin ƙasa duk sun yi baƙi, sun yi laushi, in ka ja sai bawon ya saɓule ya bar zare. Mai guga ya kawar da kai, yana ganin aikin gama ya gama.

Inna kuwa sai ta ce a miƙo mata wuƙarta ta kicin. A nan ne ta dawo Inna Ƙarin da aka sani. Wadda ta yi shekaru tana gyaran buhunan albasa ta san inda ruɓa ta tsaya da inda lafiya ta fara. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne, ta ɗora saiwar a cinya, ta wanke taɓon, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai laushi ta yanke, mai wari ta yanke, ba ta tsaya ba sai ta ga fari mai tauri. Da ta gama, abin da ya rage bai kai rabi ba. Ta dubi rassan ta ce saiwa kaɗan ba za ta iya ciyar da gida babba ba, ta rage su su ma, har bishiyar ta koma sanduna tsirara.

Mai guga ya sauka ya kawo gutsattsarin gawayinsa aka zuba a gindin durom, ya ɗebo yashi daga inda ake gini a bayan layi, aka gauraya da busasshiyar ƙasa. Hujojin Direba tsatsa da taɓo sun toshe su, ya sa ƙusa ya buɗe. Da aka zo mayar da durom wurinsa sai kowa ya tsaya yana kallon babban farantin. In an sa shi, bishiya ta sake nutsewa. In an cire, ruwa ya sauka a kan shanya.

Mai guga ya ce, "Inna, a bar farantin kawai. Ni zan matsar da igiyata. Wakili ba zai ji daga bakina ba."

Ta ce, "Ka matsar da ita ina? Cikin ƙurar motoci? A'a. Igiyarka ta riga bishiyata zuwa gidan nan, kuma da ita kake ciyar da yara. Ba za ta matsa ko taki ɗaya saboda ni ba."

Ta dubi durom. Can ta ce a samo mata bulo. Ai tukunya ba a kan toka take zama ba, a kan duwatsu ake ɗora ta, a bar wuri a ƙasa don a riƙa jan toka. Aka kawo bulo aka jera gefe da gefe, aka ɗora durom a kai. Faranti ya shiga tsakani ya zauna a ƙasa, ba ya taɓa gindin durom, kuma ko ita da gwiwoyinta za ta iya jawo shi da hannu ɗaya. Ruwa zai tsiyaye, faranti ya tare, a jawo a zubar. Mai guga ya zagaya ya duba ya ce wannan dabara ta yi. Ba a bar shi ya sauka ba sai da ya ci abinci, kuma ba sai an faɗa maka an ƙara masa ba.

Saura abu mafi wuya. Malama ta ce kada a ba shi ruwa sai an tura yatsa an ji ƙasa ta bushe, kuma mai jinya irin wannan ba ya shan da yawa. Inna ta ce ta ji. Amma ji daban, iyawa daban. Ta fito da safe, ga sanduna tsirara ba ganye ko ɗaya, ga faranti a ƙasa wayam, gindinsa na ƙyalli yana kallonta. Ta tura yatsa, da damshi. Ta koma ɗaki. Ta sake fitowa, ta sake turawa, har ƙasar ta yi ramuka. Zuciyarta na ce mata ga marar lafiya kwance, ga farantinsa ba komai, ke kuma kina tsaye da hannu biyu. Abinci ya daina yi mata daɗi. Ɗanta ya ce ko a ɗauke farantin a ɓoye sai ranar ban ruwa, ta ce a bar mata kayanta inda yake.

Wata safiya ta farga ta ga kanta a baranda da buta a hannu, bakin butar ya riga ya karkata. Ita kanta ba ta san lokacin da ta ɗebo ruwan ba. Ta tsaya a haka. Sai muryar Direba ta dawo mata, da sanyinta da tsokanarta, kamar yana zaune yana sakace: ke ce dai ba ki san an ƙoshi ba.

Ta ajiye buta. Ta sunkuya ta jawo farantin, ta goge shi da bakin zane, ta juya shi ta kife a ƙarƙashin durom. Ta ɗora tafin hannunta a kai. Dariya ta zo mata tare da kuka, ta bar su suka fito tare. Ta ce, "To, Direba. Na ji. Ka rufe shago."

Tun daga ranar hankalinta ya kwanta. Kifaffen faranti ba ya kiran ludayi, wannan ta daɗe da saninsa. Ta bi na cikin ɗaki su ma, ta sa 'yan duwatsu a tsakanin gwangwani da faranti, ta sauke na kan teburin Malama ta goge zoben da mai har ya dushe, ko da yake bai fita duka ba. Sauro ya ragu, ƙudajen suka ɓace. Bishiya dai shiru, mako ya bi mako, har ɗanta ya fara tunanin yadda zai lallashe ta in ya tabbata lemun ya mutu.

Sai ga shi wata safiya, a jikin sandar da ta fi kowacce muni, wasu 'yan ƙananan kore sun ɓullo, ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Inna ba ta yi ihu ba. Ta je ta sa ɗankwalinta mai kyau, ta taso ɗanta, ta kira Malama, ta leƙa ta kira mai guga da matarsa. Ta tsaya gefen durom, hannu a ƙugu, kai a sama, kamar ranar da manyan kamfani suka zo duba kicin ɗinta suka rasa abin kushewa. Ta ce wa Malama a gaban kowa, "Ke kika gani, ni na yanka, shi kuma ya yi haƙuri da mu." Mai guga ya ce in ta yi 'ya'ya a tuna da shi, don ruwan lemun tsami da gishiri na cire tsatsa a farin kaya. Ta ce na farko nasa ne, ko ɗanta ba zai taɓa ba.

Yanzu in ka bi ta layin da hantsi ka ɗaga kai, za ka ga lemun ya rufe da sabon ganye, fararen riguna na kaɗawa a ƙarƙashinsa ba ɗigo ko ɗaya. A teburin cin abinci Inna ba ta canza ba, kada ma ka sa rai, baƙo har gobe sai ya roƙi arziki kafin a ƙyale shi. Amma ranar ban ruwa takan tura yatsa tukuna. In ƙasa ta bushe sai ta buɗe faranti ta tura shi ƙasan durom, ta zuba ruwa har ya fara tsiyaya, ta zauna ta jira ɗigon ƙarshe. Sannan ta jawo, ta juye a bokiti, ta goge, ta kife.

Ranar nan jikarta ta tsuguna kusa da ita tana kallo, ta ce, "Inna, me ya sa kullum kike kife masa faranti? Ba za a ƙara masa ba?"

Inna ta ɗora hannu a kan farantin ta ce, "A'a. Ya ƙoshi."